Amsar tambayarka kan Tagidda da shan gishirin dabbobi

Ɗana na ga saƙonka tun shekaranjiya, ido ne ba ya bari in yi dogon rubutu da dare shi ya sa sai yau. Bidiyon da ka turo na tudun da ke aman laka a Azarbaijan na kalla har sau uku. Ka ce ka ga hoton Tagidda, wurin da ake yin gishiri a arewa da garin Ingal a Nijar, daga sama, ramuka zagaye zagaye da tuddai, kana tambaya ko abu ɗaya ne, kuma wai me ya sa kakanninka suke wahalar kora garke har Ingal duk shekara, ko dai camfi ne kawai. To ba camfi ba ne, kuma na ji daɗi da ka tambaye ni maimakon ka yanke hukunci daga waya.

Bari in fara da na bidiyon tunda na yi shekaru cikin masu haƙar rijiyar burtsatse, na ɗan san cikin ƙasa. Wancan ba dutse mai aman wuta ba ne, lakar ma galibi sanyi gare ta. Laka ce da ta taru a gindin teku aka binne ta da sauri tun ruwan jikinta bai tsane ba, ƙasa ta hau kanta kilomita da kilomita, ga iskar gas ta mitan tana taruwa a ciki babu mafita, to duk inda dutse ya tsage sai ta turo lakar waje tana ɓulɓul kamar talge a wuta. A Azarbaijan kaɗai akwai irinsu sama da 300, yankin mai ne, wani lokaci gas ɗin ya kama wuta. A Indunusiya wanda ya ɓalle a Sidowarjo a 2006 ƙauyuka ya binne, dubban mutane suka bar gidajensu.

Tagidda kuwa ruwa ne ke fitowa, ba laka ba. Ruwan sama yana shiga dutsen yashi a gindin duwatsun Abzin, ya gangara yamma ƙarƙashin yumɓun filin Irhazer, yumɓun ya danne shi kamar murfin tukunya, a hanya yana narkar da gishirin cikin duwatsu, inda ƙasa ta tsage sai ya ɓullo da kansa ya zama idon ruwa. Ka ga akwai dangantaka, matsi daga ƙasa da tsagewar dutse, har ruwan waccan lakar ma gishiri gishiri yake. Amma tuddan da ka gani a hoto hannun mutane ne ya tara su. Sunan ma Tagidda n Tesemt, tesemt gishiri kenan da Buzanci.

Na je da rani sau biyu, daga Ingal ka yi arewa kamar kilomita 90, babu itace ko ɗaya sai ƙasa da iska. Na ga mutum cikin babban rami har gwiwa yana tattaka ƙasa mai gishiri da ruwan idon, sai a bar shi ya kwanta, a kwashe ruwan sama sama a zuba a ƙananan ramuka rana ta sha. Wani ramin ja, wani ruwan ƙasa, wani ya fara fari. Lakar da aka tatse a jibge ta gefe, shekara da shekaru ta zama tudu. Wata tsohuwa na zauna kusa da ita tana kwashe gishirin da ƙoƙo tana cura shi ta shanya, tafin hannunta duk ya tsattsage, na tambaye ta ba ya yi mata zafi, ta ce tun tana yarinya ya daina. Har yau in na ga an zubar da gishiri sai na tuna hannun nan. Da damina ta faɗi aikin ya tsaya don ruwa yana lalata ramukan. Gishirin can galibi na dabbobi ne.

Maganar kora garke kuma, ka lura da lokacin. Da damina kudu duk shuka ce, makiyayi in ya zauna rigima ce da manomi, to sai a yi arewa inda sabuwar ciyawa ta fito a ƙasa mai gishiri da kanwa. Dabba tana buƙatar gishiri, ciyawar kudu ba ta ishe ta, shi ya sa kake ganin saniya tana lasar ƙasa ko bango. Kakanka bai san sunan sinadari ko ɗaya ba amma ya san wace rijiya ce ke wanke cikin raƙumi, wace ce in an bari dabba ta cika ciki za ta yi zawo, kuma ba ya barin su su sha da yawa ranar farko. Bayan 'yan makonni ka ga gashinsu yana sheƙi, nono ya ƙaru. Ni da idona na gani ba labari aka ba ni ba.

Bikin da ake yi a Ingal cikin Satumba, wanda Faransawa suka sa wa Kur Sale, wato jinya da gishiri, daga nan ya samo asali. Mutane sun yi wata da watanni ba su haɗu ba, ga dabbobi sun ƙoshi, sai a yi aure da suna, a sasanta masu rigima, Buzaye su yi tseren raƙuma, Wodaɓe su yi rawarsu. Yanzu abin da kyamara ke ɗauka kenan, rawa da kwalliya da manyan baƙi, ba wanda ke nuna rijiyar da ta tara mutanen, wannan yana damuna gaskiya.

In Allah Ya kai mu hutunka kuma hanya ta yi lafiya, ka zo mu je tare, ka taho da 'yan kwalabe ka ɗebi ruwan idon ka kai wa malamanku su auna, ni ma ina son sanin abin da ke ciki dalla dalla. Ka gaida babarka, ka ce mata kanwar da ta ce in aiko tana nan na ɗaure, mota nake jira.