Tambaya da Amsa: Safar da ke tace ruwan kifin Jidda za ta yi aiki a kwamin tarwada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Auyo, ina kuma kiwon tarwada a kwami biyu na siminti a bayan gida. Da na je Umara, a masaukinmu na Jidda na ga wani akwatin gilashi mai kifaye kala-kala, da wasu abubuwa masu rassa da aka ce mini murjani ne mai rai. Ruwan garau, kai ka ce babu shi. Mai kula da wurin ya buɗe kabad ɗin ƙasa ya nuna mini wata farar safa, ya ce ita ce sirrin. Ni kuwa ruwan kwamina ba ya daɗewa yake yin baƙi ya fara wari. In na samo safar nan zan huta da canjin ruwa? Kuma zan iya kafa irin akwatin a falona?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Mutumin nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka.

Ga abin da ke faruwa a cikin kabad ɗin. Ruwan saman akwatin yana malala ta wani bututu ya sauka cikin ƙaramin akwati na ƙasa, kuma a bakin bututun ne ake rataye safar. Ramukanta ƙanana ne ƙwarai, yawanci mikron 100 ko 200, wato kashi ɗaya cikin goma ko ɗaya cikin biyar na milimita. Kashin kifi, ragowar abinci, yauƙin da murjani ke fitarwa, ƙurar ɗaki, duk a nan suke maƙalewa. Ruwan ya wuce, famfo ya mayar da shi sama. Wasu soso suke sawa, wasu audugar roba da ake yarwa in ta yi datti. Masu hali kuma suna da wani naɗin ƙyalle mai ɗan inji: da ɓangaren da ke cikin ruwa ya toshe, ruwa ya ɗago, sai injin ya naɗe shi ya sako sabo.

Rabin da bai faɗa maka ba shi ne, duk kwana biyu ko uku sai ya cire safar nan ya sa wata. Ka dubi ƙyallen da uwargida ke tace gasara da shi. Dusar tana tsayawa a ciki, gaskiya ne, amma in ta bar ƙyallen da dusarsa tsome a cikin roba har jibi, tsamin zai bi ruwan gaba ɗaya. Safa tara datti kawai take yi wuri guda. Muddin tana rataye, ruwa kuma yana ratsa ta dare da rana, dattin yana nan a cikin akwatin, ido ne kawai ba ya ganinsa. Can zai ruɓe ya saki amoniya, wadda guba ce ga kifi. Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ramukan duwatsun akwatin su mayar da ita naitirayit, daga nan naitiret, ga fosfet da shi ma ke fitowa daga ruɓaɓɓen abinci. Waɗannan narkakku ne, babu safar da za ta riƙe su. Taki ne kuwa ga gansakuka, ita kuma in ta samu wuri sai ta lulluɓe murjanin ta hana shi haske. Shi ya sa a wajen masu wannan kiwo ruwa garau ba ya isa shaida, sai sun ɗiba sun gwada da magungunan awo, kuma duk da safar suna canza kamar kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako ko mako biyu.

Watakila ka lura da wani dogon kofi a gefen safar yana ta tafasa da kumfa. Injin kumfa ke nan. Yana hura ƙananan ƙwayoyin iska cikin ruwa, maiƙo da sauran narkakken datti su manne a jikinsu, kumfar ta hau sama ta zube a wani kofi, baƙa-ƙirin mai ɗoyi. A ganina ya fi safar dabara, domin shi fitar da dattin yake yi daga ruwan kacokan. Amma kada wani ɗan kasuwa ya sayar maka da shi don kwami. Gishiri ne ke sa kumfar ta yi ƙanana ta daɗe ba ta fashe ba. A ruwan rijiya da ƙyar yake taɓuka wani abu.

Batun kafa akwatin a falo, in shawarata kake so, a'a. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, na Bahar Maliya da Jidda ke bakinsa ma ya kai wajen 40. Ba kuma gishirin miya ba ne. Haɗi ne na musamman mai kalsiyam da maganiziyam da murjani ke gina ƙashinsa da su, ana shigo da shi daga waje, a dama shi da ruwan da inji ya tsame wa komai. Wannan duk kuɗi na iya magancewa. Zafi ne babban abokin gaba. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, kai kuwa ka san yadda ƙasar Haɗeja take a watan Afrilu, inda ma'auni ke haura 40. A cikin naman murjani akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da ke ciyar da shi in sun samu haske; da zafi ya ɗan zarce ƙa'ida na wasu makonni sai ya fitar da su, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru ga babban yankin murjani na gabar Ostireliya a 2016 da 2017, a cikin teku ke nan ma, ba a falon kwano ba. Don haka sai injin sanyaya ruwa, da fitilu na musamman, da famfuna da ba sa tsayawa. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya ta isa iskar ruwan ta ƙare. Sola da batir ɗin da za su riƙe wannan kaya, da ka sa su a bohol ɗin lambu sun fi maka amfani. Ga hunturu da ke shanye ruwa ya bar gishirin yana ƙara kauri, kullum sai an cike gurbin da ruwa marar gishiri. Murjani mai ƙashi kuma yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa wa ido, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda.

Mu dawo kan tarwadarka, domin a nan ne darasin safar zai yi maka rana. Ita safar kanta ka manta da ita. Dattin kwami ɗaya zai toshe ta kafin ka gama alwala. Tarwada tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa. Juriyar nan ke yaudarar masu kiwo. Ba ta mutu ba, amma ta rage ci, girma ya tsaya, kuɗin abinci kuma yana ta tafiya.

Fara da ƙasan kwamin. In daɓen ya gangara zuwa mafitar ruwa, kowace safiya kafin ka ba su abinci ka buɗe bututun, ka bar baƙin ya fita har ruwan ya fara washewa, ka rufe ka cike. In daɓen shafe yake, tiyo ya isa: cika shi da ruwa, kai ɗaya a ƙasan kwami, ɗayan a waje ƙasa da shi, ka bi lungu-lungu kana zuƙe lakar. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, kana tsaye. Da sun rage wawaso ka tsaya, abin da ya rage yana yawo ka kwashe da rariya. Yawancin warin da ake kuka da shi daga hannun mai zuba abinci yake farawa.

In kana da ƙaramin famfon sola kuma kana son rage ɓarnar ruwa, samo duro na roba. Ruwan kwami ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Ka cusa buhunan albasa wankakku ko tsohuwar ragar kamun kifi a ƙasa, soso a sama, mai manyan ramuka kafin mai ƙanana, in ba haka ba soson zai toshe nan da nan. Sa famfon zubarwa a gindin duron. Gidan sauro mai magani kada ya kusanci wurin, ko da tsoho ne, domin maganin da ke jikinsa yana kashe kifi. Wankin soson da buhunan da ruwa zalla, ban da sabulu da garin wanki, kuma kada ya wuce kwana biyu. Canjin ruwa ba zai ƙare ba, Alhaji, raguwa kawai zai yi. Baƙin ruwan da ka zubar kuwa ka ja masa lamba zuwa fangalin alayyafo ko tumatir.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Ringim. Yayana ya kawo mini ɗan akwatin gilashi da jajayen kifaye biyu. Ruwan ya koma kore shar, ina wanke soson kullum amma a banza.

AMSA: 'Yata, soson ba shi da laifi. Koren nan gansakuka ce mai ƙwaya ɗai-ɗai, ƙanƙantarta ta sa take ratsa ramukan soso ta wuce abinta. Rana da ragowar abinci ke ciyar da ita. Ɗauke akwatin daga bakin taga, ki lulluɓe shi da zane kwana uku ko huɗu ki bar wa iska hanya, ki rage abincin zuwa abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk mako ki canza rubu'in ruwan da wanda ya kwana a bokiti, kada ki juye shi gaba ɗaya.