Yadda za ka gane anza, ka kuma shuka ta

Malam, ka ce akwai wata ƙaramar bishiya a gonarku da ke zama koriya shar har tsakiyar bazara, kana son sanin ko anza ce, da yadda za ka yawaita ta.

Fara da ganyen. Na anza kauri gare shi da tauri, jijiyoyinsa farare sun fito raɗau a bayansa. Ba ta da ƙaya, kuma da wuya ta wuce mita 4. 'Ya'yanta, wato dilo, ƙanana ne a cure, suna komawa rawaya in sun nuna gab da damina.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ajiye iri, alhali irin anza mutuwa yake in ya bushe. Cire shi daga nunannen dilo ka binne nan take a inda kake son ta zauna, don saiwarta zurfi take yi, ba ta son dashe. Kada ka cika mata ruwa. Girmanta a hankali ne, sai ka kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Don Allah kada a ci ƙwayar ɗanya, tana da ɗaci da guba. Sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa, kamar yadda matan Damagaram ke yi. Kafin nan, ka kai reshenta ga malamin gandun daji ya tabbatar maka anza ce.