Faifan da ka hango a bayana

Yaya, saƙonka ya iso, kuma sau uku na saurare shi kafin na zauna amsawa. Ka ce ranar da muka gaisa ta bidiyo ka hango wani faifai a kan kanta, bangonsa cike da ƙoƙunan kai. Ɗanka ya nemo maka shi a intanet, kuka kunna, ka ji abin da ka kira ihun aljanu. Daga nan ka tambaye ni, tsakani da Allah, ko da sauran Hausa a jikinmu, mu da muka daɗe a Ingila. Tambayar ta sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Sunan faifan Scum, na wasu samari ne da ake kira Napalm Death, ya fito a 1987. 'Yan nan yankin Birmingham ne, garin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya kawo mu a 1979 ina da shekara bakwai. Waƙoƙi 28 ne a cikin minti talatin da 'yan kai, akwai ma wadda ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Gefe ɗaya an ɗauke shi a 1986, ɗaya gefen a shekarar da ta biyo, kuma tsakanin ɗaukar biyu duk mutanen sun canza in ban da mai ganga, Mick Harris. Irin kiɗan suna ce masa grindcore. Baba da ya fara jiyo shi daga ɗakina cewa ya yi, wa ya kawo mana injin niƙa cikin gida? Sunan ya bi shi, har yau kiɗan niƙa muke ce masa, kuma ma'anar sunan Turancin ma ba ta yi nisa da hakan ba.

A rediyo na fara jinsa, cikin dare, a shirin John Peel na BBC, ƙarshen 1987. Kai kana Zariya lokacin, kana ganin duk wanda ke Ingila ya tsallake wahala. Birmingham ɗin da na tashi a ciki gari ne na masana'antun da ake rufewa ɗaya bayan ɗaya. Marasa aikin yi a ƙasar sun haura miliyan uku tun 1982, a 1985 aka yi tarzoma a unguwar Handsworth. A makaranta, bayan an nuna yunwar Habasha a talabijin, yara suka riƙa tambayata ko danginmu ne. Ina dawowa gida da abu a ƙirjina wanda ba ni da bakin faɗa wa Baba, don shi ya zo karatu ne da kunyarsa da haƙurinsa, kullum maganarsa ɗaya ce, baƙo ba ya ɗaga murya. Sai ga wasu yaran talakawan Turawa suna ɗaga muryar iya ƙarfinsu, a kan manyan kamfanoni masu tatsar matalauta, da ƙyamar baƙar fata, da haɗama. Ka sake duba bangon nan da kyau. Sama da ƙoƙunan kan akwai manya sanye da kwat, ga mata da yara da yunwa ta ci a gabansu. Ni wannan na gani tun kafin in ga ƙoƙunan.

Bayan saƙonka na sauko da shi na sa. Na yi shekaru ban ji shi daga farko har ƙarshe ba. Ɗaukar ba ta da tsafta, jita tana ƙara kamar ana yankan kwano, murya gurnani ce da ba ka tsintar kalma sai da takardar baitoci a hannu. Gefen farko ya fi shiga raina yanzu, don a can gangar takan ɗan lafa, ta yi nauyi, kafin ta sake ɓallewa da gudu. Gaskiya ce a cikinsa, irin ta wanda ba ya neman ya burge kowa. Daga baya, a 1990, suka tafi Tampa ta Amurka suka ɗauki faifai mai salon da ake kira death metal, sauti ya gyaru, amma ni daga nan na fara ja baya. A wancan fagen akwai masu waƙar gawa da shaiɗan, kuma irin waɗannan ba su taɓa shiga gidana ba. Mashayar Mermaid da ke Sparkhill, inda samarin nan suka yi tashe, ban taɓa taka ƙofarta ba. Ta gabanta dai muke wucewa ni da Inna, a titin Stratford, in za mu sayo naman halal wurin Pakistanawa. Zancen hukuncin kiɗa kuwa na san malamai sun yi magana, ba kuma zan ja da kai a kansa ba. Sai dai ka tuna a motarka na ji Shata tun daga Kano har Zariya.

Na san ba faifan kaɗai ke cin ka ba. Maganar matata ce, wadda har yau a gida ba a kiranta sai “Baturiyar”. Shekara 24 muna tare. Lokacin da za mu yi aure, gidajen Hausawa da muka sani a garin nan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kusan kowa karatu ya kawo shi, yana gamawa ya koma. Wa kuke so in aura? Da Inna ta kwanta ciwon ajali, ita ta kwana da ita wata biyar, ita ke juya ta, ita ke dama mata kunu yadda take so. Inna da bakinta ta ce mata “’yata”. Ba mu kaɗai ba ne, akwai masu auren Somaliyawa, da 'yan Jamaika, da Larabawa, kuma duk ranar suna za ka same su a kicin ɗaya ana tuƙa tuwo.

Inda muka gaza zan faɗa. Yarana suna jin Hausa sarai, amma da Turanci suke mayar mini, kuma wannan yana damuna fiye da yadda kake zato. Raɗin suna muna yi ranar bakwai, taron kuwa sai Asabar, saboda aiki. Sallar idi a filin Small Heath muke yi cikin dubban jama'a, mu da babbar riga da hula, ana hango mu daga nesa. Muna da adashi, muna da asusun da muke tarawa don ranar mutuwa. Da shi aka yi wa Baba sutura aka kai shi maƙabartar Handsworth, kuma waɗanda suka ɗauki makararsa da Hausa suka yi ta'aziyya. Abin da ke mana ciwo shi ne in mun zo gida, tun daga ƙofa ake auna gaisuwarmu, ana jiran inda harshe zai karkace.

Faifan nan Baba ne ya ba ni kuɗinsa. Ya tambaye ni me suke faɗa, na fassara masa baiti biyu da Hausata ta lokacin, ya yi shiru, sannan ya ce in rage ƙarar in an kusa magariba. In ka zo bazara, kamar yadda ka yi alkawari, zan kai ka ka yi masa addu'a, mu biyo ta titin Stratford ka ga inda muka tashi. Ka gaida Yaya Babba da yara.