Tambayi Likita: CRP ɗin yarona ya hau amma an ce ba sai an ba shi antibayotik ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah yarona ne ɗan shekara huɗu yake ta zazzaɓi da tari da majina, muka je asibiti aka ɗebi jini aka yi wani gwaji wai shi CRP, sakamakon ya nuna 28 kuma a gefen takardar an rubuta bai kamata ya wuce 5 ba, amma likitan ya ce mura ce ta bairos mu ba shi farasitamol da ruwa sosai kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba, tunda jinin ya nuna akwai matsala me ya hana a ba shi antibayotik? Daga Maman yara.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Shi CRP wani sinadari ne da hanta take fitarwa cikin jini duk lokacin da jiki yake faɗa da wani abu, ko bakteriya ne ko bairos ko maleriya ko ciwon gaɓoɓi ko ma rauni da tiyata, to kin ga ba ya faɗin sunan ciwo, kamar hayaƙi ne da ke nuna akwai wuta amma bai ce miki ga abin da ke ci ba. Yana fara hawa awa 6 zuwa 8 bayan ciwo ya kama, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, in an samu sauƙi kuma ya sauka da wuri don cikin awa 19 rabinsa ke barin jini.

Amfaninsa a ciwon bairos yana wajen yawan hawan ne. Mura da ire-irenta galibi kaɗan suke ɗaga shi, irin su 10 zuwa 40, shi kuwa ciwon bakteriya mai ƙarfi kamar nimoniya sau da yawa sai ki ga ya haura 100. A Ingila ƙa'idar da aka ba likitoci kan manya masu ciwon ƙirji ita ce in bai kai 20 ba kar a ba da antibayotik, daga 20 zuwa 100 a ɗan saurara a ga yadda jikin zai yi, sama da 100 a bayar. Wannan fa na manya ne, kuma ba kullum lissafin yake tafiya haka ba, korona mai tsanani da wasu bairos ɗin suna iya harba shi sama sosai ba tare da bakteriya ba, sannan in aka yi gwajin a awannin farko zai iya fitowa ƙasa alhali ciwon babba ne. Shi ya sa likita ba takarda kaɗai yake dubawa ba, yana sauraron ƙirji ya leƙa kunne da maƙogwaro ya ƙirga numfashi, wani lokacin ya ce a maimaita gwajin gobe ko jibi.

To 28 ga yaro mai majina da tari wanda yake sha yake ɗan wasa, ni ma abin da zan ce kenan. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan, sai dai ya jawo gudawa ko ƙuraje kuma ya sa bakteriya su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki, wannan abin yana damuna ƙwarai don muna ganinsa.

Amma ki sa masa ido. In numfashinsa ya yi sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ya ƙi shan komai, yana amai ba tsayawa, fitsari ya ragu, ya yi jijjiga ko ya yi laushi yana ta barci da wuyar tashi, ko zazzaɓin ya wuce kwana uku bai sassauta ba, ku koma asibiti nan take ko da dare ne. In kuma kuna inda ake maleriya ba a gwada ba, ki ce a gwada.