Amsa: Buta Kola borin Indiya ne?

Malam, ka tambaya ko Buta Kola borin Indiya ne. Akwai kama, kuma a can Indiya gādon gida ne. A ƙauyukan bakin tekun jihar Karnataka ta kudancin Indiya, wajen biranen Mangalore da Udupi, iyalan Hindu masu jin yaren Tulu kowanne da iskansa, kamar Panjurli mai siffar aladen daji. Bayan damina, da dare, mai hawan zai shafe fuska da launi, ya ɗaura ganyen kwakwa, ana kiɗa ana rera tarihin iskan har ya hau kansa.

Abin mamakin, masu hawan daga dangogin da ake rainawa suke, amma a daren nan manyan masu gonaki ke tsayawa gabansu da rikicin iyaka ko na gado, masu hawan su yanke hukunci.