Hukuncin Fitar da Maganar da Aka Yi a Zauren WhatsApp

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazauniyar birnin Katsina ce, kuma ni ke riƙe da wani zauren WhatsApp na matan da muka yi Islamiyya tare, mu tamanin da 'yan kai, muna zumunci muna kuma yin adashi. Kwanakin baya ɗaya daga cikinmu ta turo saƙon murya tana kuka, ta faɗi ƙuncin da take ciki a gidan aurenta, ta nemi addu'a da shawara, ta kuma roƙi kada maganar ta wuce nan. Sai wata a cikinmu ta tura saƙon ga ƙanwar mijin, magana ta kai kunnen uwar miji, kafin mako ya zagayo an yi mata saki ɗaya. Da muka tuhumi wadda ta fitar, ta ce abin da aka faɗa gaban mutum tamanin ba sirri ba ne, kuma ita gyara ta nufa. Sannan akwai wata da ta kwashi adashi ta daina zubi, ba ta ɗaukar waya, 'yan zaure suna matsa mini in sa hotonta da lambarta a Facebook. Mene ne hukunci, kuma wane alhaki ne a wuyana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, abin da waccan baiwar Allah ta yi haramun ne, domin ta haɗa cin amana da annamimanci a aiki ɗaya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum ya faɗi wata magana sannan ya waiwaya, to wannan magana amana ce. Ki lura da cewa mai maganar a cikin hadisin bai buɗe baki ya ce a rufa masa asiri ba, waiwayawar da ya yi don ya ga ko wani na jinsa ita kaɗai ta isa ta ɗora wa mai sauraro nauyi. To ina ga wadda ta faɗa da bakinta, cikin kuka, cewa kada maganar ta wuce nan? Wannan ta wuce matsayin alama, ta zama sharaɗi bayyananne, kuma duk wadda ta saurari saƙon har ƙarshe ta karɓi amanar, ko ta so ko ba ta so ba.

Hujjar da ta kawo, wai abin da mutum tamanin suka ji ba sirri ba ne, ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, saboda mutane da yawa da ita suke lallashin zukatansu. Shari'a ba da ƙidayar kawuna take auna amanar majalisi ba, tana duba ko wurin yana da ƙofa, da kuma abin da mai magana ya fahimta lokacin da yake magana. Zaurenku ba kowa ke shigarsa ba sai wadda kika shigar, kuma kun taru ne a kan sanayya ta shekaru, don haka hukuncinsa hukuncin tsakar gida ne da mata suka taru ranar suna, ba hukuncin kasuwa ba. Da a shafin da kowa ke gani ta rubuta, da ita ta buɗe ƙofarta da hannunta, ko da yake a nan ma ɗaukar maganar a kai wa dangin miji don a hura wuta annamimanci ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana annamimanci da cewa shi ne tona abin da ake ƙin a tona, da baki ne ko da rubutu ko da ishara, kuma Imamu Nawawi ya ciro wannan bayani daga gare shi ya tabbatar da shi. Tura saƙon murya da ɗaukar hoton hira duk sun shiga ciki, har ma sun fi na baki muni ta wata fuska, domin maganar baki ana iya mantawa ko a sassauta ta, amma muryar mace tana kuka tana ambaton mijinta ana sake kunna ta a gaban kowa, kuma duk lokacin da aka kunna sai raunin ya dawo sabo. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Huzaifa cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba.

Ki dubi yadda sahabbai suka riƙi irin wannan al'amari. Lokacin da Umar ya yi wa Abubakar tayin auren 'yarsa Hafsa, Abubakar ya yi shiru, har Umar ya ji zafin abin a ransa. Sai bayan Manzon Allah ya aure ta Abubakar ya gaya masa cewa ya ji Annabi ya ambace ta, shi kuwa ba zai tona sirrin Manzon Allah ba. Ya yarda amininsa ya yi fushi da shi a kan ya fitar da maganar da ba a ba shi izinin fitarwa ba, alhali maganar alheri ce wadda za ta faranta wa Umar rai. Anas ɗan Malik kuma yana yaro mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi aiken da Annabi ya yi masa, ya ce sirri ne, ita kuma ta ce masa kada ya gaya wa kowa.

Cewar da ta yi gyara ta nufa, zuciya Allah ne ya san abin da ke cikinta, mu ba mu da hurumin shiga nan. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta halatta haramtacciyar hanya. Mai son gyara tana fara zuwa wurin mai ƙorafin ne, ta nemi izininta, sannan a nemi dattijo ɗaya daga danginta da ɗaya daga dangin miji, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Ba a gyara aure da miƙa wa surukai muryar matar ɗansu tana kai ƙararsa. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa a cikin rundunar Iblis wanda ya fi kusantarwa gare shi shi ne wanda ya zo ya ce bai bar mutum ba sai da ya raba shi da matarsa. Wajibi ne ta tuba, ta nemi gafarar wadda ta cutar, ta goge saƙon daga wayarta, ta roƙi waɗanda ta tura wa su goge, kuma idan tana da bakin magana a gidan mijin ta yi amfani da shi wajen ɗinke abin da ta yaga. Sakin dai ya auku, amma tunda ɗaya ne, idan ba shi ne cikon na uku ba, mijin yana da damar yin kome matuƙar ba ta gama idda ba, don haka ku gaggauta sa manya a cikin maganar kafin lokaci ya ƙure.

Adalci ne kuma a faɗa wa wadda aka cutar gaskiya, cikin taushi, bayan hankalinta ya kwanta. Kai kuka ga wanda zai iya magance matsala halal ne. Hindu 'yar Utba ta je wurin Manzon Allah ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, bai kuwa tsawata mata ba, ya ba ta fatawa. Amma Hindu wurin mutum ɗaya ta je, wanda ke da ilimi da iko. Mata tamanin ba dukansu ne masu shawara ba, kuma a gari irin Katsina, inda auratayya ta sarƙe gidaje, da wuya a tara mutum tamanin ba a sami mai alaƙa da dangin miji ba. Kuskuren zaɓen wuri ne ta yi, kuma kuskurenta bai rage komai daga laifin wadda ta ci amanarta ba.

Akwai inda amanar majalisi take faɗuwa. An ruwaito a cikin Abu Dawuda cewa majalisai amana ne sai uku: wanda aka ƙulla zubar da jinin haram, ko keta farjin haram, ko cin dukiya ba da haƙƙi ba. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa ta dace da ƙa'idar tunkuɗe cuta. Lokacin da Haɗib ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa a ɓoye kafin buɗe Makka, Annabi ya aiki Aliyu da wasu sahabbai suka tare matar da ke ɗauke da ita suka karɓo. Saboda haka wanda ya ga saƙo a wani zaure ana shirya sace mutum, ko lalata yarinya, ko damfara, wajibi ne ya kai ga hukuma ko ga wanda abin zai faɗa wa, gwargwadon abin da zai kawar da cutar, ba ya watsa wa duniya ba. Kukan mace a kan cefane da halin miji ba ya cikin wannan babi ko kusa.

Game da mai adashi, kada ki sa hotonta ko lambarta a Facebook. Gaskiya ne Annabi ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kuma a wata ruwayar ya ce taurin bashin mai hali yana halatta mutuncinsa da hukunta shi, amma malamai sun fassara halatta mutuncin da cewa mai haƙƙi ya ce wane ya riƙe mini haƙƙina, hukuntawa kuwa aikin alƙali ne. Kafin ma a kai nan sai an tabbatar tana da halin biya, domin aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya sami sauƙi. Rashin ɗaukar waya ba hujja ba ce a kan mugun nufi. Tana iya kasancewa a kwance ba lafiya, ana iya sace waya, kuma sananne ne cewa 'yan damfara suna kiran mutum su yaudare shi ya karanto musu lambobi shida da WhatsApp ke turowa, su ƙwace masa zaurukansa, su riƙa neman kuɗi da sunansa. Allah ya ce a aya ta 6 ta Suratul Hujurati ku nemi tabbaci, kada ku cutar da mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Ku tura mutum biyu gidanta. Idan ta ƙi, a gaya wa mijinta ko waliyyinta, sannan mai unguwa, sannan Hisba ko kotun shari'a. Ya halatta ki sanar da waɗanda suke zubi tare da ita halin da ake ciki, domin dukiyarsu ce, ya kuma halatta ki faɗi gaskiya idan wata uwar adashi ta tambaye ki game da ita. Hoton matar aure kuwa idan ya hau intanet ba ya saukowa ko bayan ta biya, 'ya'yanta za su girma su tarar da shi, kuma dokar ƙasa ma tana iya hawa kanki, tunda sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da saƙonninsa, an kuma sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023. Nan gaba ku riƙa rubuta adashinku da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni a kan bashi.

Ke kuma, 'yar'uwa, ba ki da alhakin abin da wata ta aikata a bayan idonki, amma riƙon zaure kiwo ne, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Ki rubuta ƙa'ida a fili cewa ba a fitar da maganar zaure sai da izinin mai ita. Kada ki shigar da wadda ba ku sani ba, kada kuma ki bar mahaɗin shiga zauren yana yawo, domin duk wanda ya shigo yana ganin lambar kowa. Kamfanin WhatsApp ya ce saƙonni a kulle suke tsakanin mai turawa da mai karɓa, amma wannan kulle ba ya hana wadda saƙo ya iso wayarta ta tura shi gaba, ba ya kuma hana yaro ko miji ko mai gyaran waya buɗe wayar da ba ta da lambar sirri. Sa wa waya makulli da kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin matakin tsaro da ake sa wa WhatsApp don kada wani ya ƙwace shi, yana cikin kiyaye amanar mutane, tunda abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Ina ƙara jan hankalinku a kan abin da ya shafi rayuka. Mu a jihar nan mun san abin da infoma suka jawo wa mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari da Ƙanƙara, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 don a yanke sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu labari. Don haka ki hana a riƙa sanar da ranar tafiyar maigida da hanyar da zai bi, ko hoton shigar kuɗi, ko sunan wadda za ta kwashi adashi da adadin da za ta kwasa, sai a tsakanin waɗanda abin ya shafa.

Wadda ta fitar da saƙon, ki kira ta ke da ita ki yi mata nasiha. Idan ta amsa laifinta ta nemi gafara, a bar ta, kada a mayar da ita abin zunɗe a cikin zaure, domin yin haka komawa ne ga irin laifin da ake tuhumarta da shi. Idan ta dage a kan cewa ba ta yi komai ba, ya halatta ki cire ta, kuma shi ne abin da na fi zaɓa miki, saboda kare sauran matan da suka amince da ke. Ki gaya musu a taƙaice cewa an cire ta ne saboda saɓa ƙa'ida, ba tare da zagi ko tona wasu aibobinta ba.

Allah ne mafi sani.