Ga mai son ajiye aiki ya buɗe shago a Legas

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana aiki a wani kamfani a Ikeja, kana da mata da yara uku a Agege, kana son ajiye aikin ka buɗe shagon kayan masarufi, kuma damuwarka ita ce yadda gida zai kasance. Ni ma daga aikin albashi na fito, a wani kamfanin sufuri a Apapa, yanzu albasa nake sayarwa a Mile 12, babbar kasuwar kayan abinci ta Legas. Abin da na gani a gidana da gidajen abokan sana'a zan faɗa maka.

Gidan mai albashi a kan ƙarshen wata yake tafiya. Maiɗakinka ta san ranar sayen buhun shinkafa da ranar cika tukunyar gas. Mai shagon unguwa yana ba ta bashi don ya san ranar biya. Hajiya a gida ta san lokacin da saƙonta zai shigo. Ranar da ka ajiye aiki wannan lissafin duka ya rushe, kuma ita za ta fara ji kafin kai. Kai kana shago kana kallon kaya a kanta, hankalinka kwance. Ita tana gida yara na tambayar kuɗin tara na makaranta, ba ta san ko yau an yi ciniki ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta riƙa tambaya kullum ba. Yawancin rigimar da na ga ta tashi a gidajen sababbin 'yan kasuwa daga nan take somawa, tun kafin a kai ga rashin kuɗi na gaske.

Saboda haka ka yanka wa gida albashi. Adadi ɗaya, rana ɗaya a wata, ta asusun da ba na shago ba. Ko an yi kasuwa ko ba a yi ba, wannan ya fita, kuma ba a ƙara masa don wata ya yi kyau. Shagon kayan masarufi ma ya fi kowanne haɗari ta nan, domin abin da gida ke buƙata shi kake sayarwa. Yau a aiko yaro ya karɓo taliya, gobe madara, jibi man gyaɗa, kai kuma ba za ka iya hana ɗanka ba. Kada ka hana, amma a rubuta a cire daga kason gida. In ba haka ba wata shida za ka ga kanta ta yi fili, ka rasa wanda ya ci jarin.

Sannan Legas ba ta jira. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, na gida da na shago, ga na ejan, wato dillali, da na yarjejeniya a kan sabon wuri. Kuɗin makaranta sau uku ne, wajen Satumba da Janairu da Afrilu. In kamfaninku na biya muku inshorar lafiya, tana ƙarewa da aikin, haihuwa ko zazzaɓin dare daga aljihunka ne. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na asusunsa idan ya yi wata huɗu babu aiki. Shawarata kada wannan kuɗin ya shiga shago, a ajiye shi don haya da asibiti.

Ka kuma tuna akwai ranakun da kasuwa ke tsayawa ba da laifin kowa a cikinmu ba. A watan Maris na 2016 an rufe Mile 12 bayan rikici. A farkon 2021 motocin abinci daga Arewa suka daina saukowa na wasu kwanaki. A farkon 2023 takardun naira suka ɓace, mai saye na tsaye da kuɗinsa a banki ba ya iya biya, sai kuma cire tallafin fetur a watan Mayu ya ɗaga kuɗin dako. A duk waɗannan lokutan ma'aikaci ya karɓi albashinsa, mu kuwa abin da aka ajiye aka ci.

Ka ce kana son samun lokacin yara. Gaskiya a farko akasin haka za ka gani. Asabar da Lahadi sun tafi, kuma lokacin azumi da jajibirin Sallah, da kowa ke shirin tafiya gida, su ne kakar mai shago. Abin da ka samu shi ne ikon lokacinka: ka rufe ka tafi Juma'a, ka kai yaro asibiti ba tare da neman izinin kowa ba, in shagon a Agege yake kuma ka huta da cunkoson hanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Sai dai asara tana bin mutum har gida. Ranar da albasa ta ruɓe mini a buhu, nakan tsaya masallaci har zuciya ta sauka kafin in shiga, don yara ba su san farashin buhu ba, fuskar babansu kawai suke gani.

Dangi kuma da sun ji ka buɗe shago a Legas, ka zama Alhaji. Za a turo maka yaro daga gida ya koyi kasuwa, a ciki da falon da ku biyar kuke. Ku yanke wannan kai da maiɗakinka tun yanzu, domin ita za ta dafa, ita za ta rasa sakewa a ɗakinta. In ta ba ka kuɗin adashenta ko ta sayar da 'yan kunnenta, bashi ne, dukiyarta ce, a rubuta a kuma biya. In za ta riƙa zama a shagon, a yanka mata nata.

Da ni ne kai, ba zan miƙa takardar ajiye aiki ba sai na biya hayar shekara, kuɗin zango biyu na makaranta na ajiye, kuma shagon ya soma tafiya a hannun amintaccen yaro ina kan aikina, in dokar kamfanin ba ta hana ba. A tambayarka ban ga inda ka faɗi ra'ayin maman yara ba. Ka zaunar da ita da biro da takarda ku yi lissafin tare, ka yi istihara, sannan ka dawo mana da abin da ta ce. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.